Tambayi Barista: Bizar Umara, Igama da Haƙƙin Baƙo a Saudiyya

Wasiƙun da suka taru a wannan wata kusan duk gabas suka nufa, wato Saudiyya, don haka na ware huɗu na haɗa su a fili ɗaya. Na cire sunaye kamar yadda muka saba. Masu tambaya kan gado da rikicin haya su yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti Barista. Mijina ya rasu shekara biyu ke nan, ya bar ni da yara uku. Wani eja a unguwarmu ya ce in kawo kuɗi ya yi mini bizar Umara, in na gama ibada sai in zauna in kama aikatau a Jidda, wai daga baya za a mayar mini da ita igama. Har na ba dillali gonar gadona. Yayata ta ce ba ta yarda ba. Ni kuwa gani nake ƙasar Allah ce, wa zai kori Musulmi daga Makka?
Wata baiwar Allah daga Haɗeja

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya abin da ya bari. Ƙanwata, ki fara karɓo gonar nan daga hannun dillali, sannan ki dawo ki karanta sauran.

Abin da ejan ya gaya miki ba gaskiya ba ne. Bizar Umara ba a mayar da ita igama, wato katin izinin zama a ƙasar. Ita bizar izini ce ta ki shiga, ki yi ibada da ziyara, ki zauna abin da bai wuce kwana 90 ba, ki fito. Ba ta halatta miki aiki ko na wuni ɗaya, ba ta kuma halatta miki Hajji. In lokacin Hajji ya matso ma, ba lallai ki cika kwanakin ba, domin hukumar can kan sa ranar da duk mai bizar Umara zai bar ƙasar. A 2025 ranar 1 ga Zulƙida aka sa, wadda ta zo daidai da 29 ga Afrilu. Wanda ya zarce wa'adinsa, hukuncin da ma'aikatar cikin gidansu ta shelanta shi ne tara har zuwa riyal 50,000, da ɗauri har zuwa wata shida, sannan a tasa ƙeyarsa gida. Ki sa a tambayo miki 'yan canji a Wapa nawa ne riyal 50,000 a yau, ki gwada da kuɗin da aka taya gonarki.

Ita igama hanyarta daban ce tun daga nan gida. Wanda zai ɗauke ki aiki shi ke neman biza a can, ta dandalin Musaned in aikin gida ne. A rubuta kwantiragi da albashi, a yi miki gwajin lafiya, a ba ki bizar aiki kafin ki taka jirgi. Bayan kin sauka ne kafilin, wato wanda ya ɗauke ki aikin, zai fitar miki da katin igama. Duk wanda ya ce ki shiga da wata biza za a gyara a can, kuɗinsa kawai yake so ya karɓa, abin da zai biyo baya ke kaɗai zai samu.

Maganarki ta ƙasar Allah kuwa, na san har zuciya kika faɗe ta, kuma tana da tushe. Kakanninmu a ƙasa suke tafiya, su bi ta Barno da Chadi da Darfur, su yi shekaru suna ƙwadago a Sudan kafin su tsallake Bahar Maliya. Da yawa sun zauna a Makka da Madina, jikokinsu yau cikakkun 'yan ƙasa ne masu amsa sunan Hausawi da Fallata da Barnawi. Usama Hausawi shi ya ɗaura ƙyallen kyaftin na ƙungiyar ƙwallon Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. Amma yawancin waɗancan sun zauna ne tun kafin a kafa masarautar a 1932, ko a farkon zamaninta, lokacin da babu kwamfuta a bakin iyaka. Yau tun a filin jirgi za a ɗauki zanen yatsunki da hoton fuskarki, ta yadda ko kin canza suna kin canza fasfo, yatsa zai tona. Ɗakin Allah na dukkan Musulmi ne, wannan ba musu. Ƙofar shiga ƙasar dai a hannun hukuma take, kuma tana kora. Duk mako suna fitar da adadin waɗanda aka kama kan laifin zama da aiki da tsallake iyaka, kuma yawanci ya haura mutum 10,000 a mako guda.

Ni ba tarar ce ta fi damuna ba. Ranar da bizarki ta ƙare, ranar bakinki ya mutu. In uwar ɗaki ta danne miki albashin wata biyar, ina za ki kai ƙara, alhali ofishin da za ki je igama zai fara tambayarki? Ba layin waya da sunanki, ba asusun banki, ba ɗakin haya da sunanki. Kuɗin da za ki aiko wa marayunki sai ta hannun wani, in ya ga dama ya isar. Mata kan danne ciwo har ya ci ƙarfinsu don tsoron a tambaye su takarda a asibiti. In wani namiji a gidan aikin ya nemi keta miki haddi, ya san ke ce mai gudun askarawa, ba shi ba. Unguwannin Jidda da takari suka daɗe suna fakewa a ciki, irin su Karantina da Gulail da Sabil, rusau ya cinye su tun daga ƙarshen 2021.

Wata da aka dawo da ita ta taɓa zuwa ofishina, da baƙar abaya da silifas, ta ɗora leda ɗaya a kan teburina. A ciki akwai takardar tafiya ta gaggawa da ofishin jakadanci ya ba ta, da carbi, da wata 'yar takarda da ta ninke ta har ta fara yagewa. A jiki ta rubuta gidajen da take bi bashin aikinta a Jidda, kowanne da adadin riyal a gefensa. Fitowa ta yi sayen burodi aka kama ta a bakin titi, daga nan sai Shumaisi, sansanin tarhil, wato inda ake tsare waɗanda za a mayar gida, da ke tsakanin Makka da Jidda. Ko ɗakinta ba ta koma ba, balle ta ɗauko akwati. So take in taimaka mata ta karɓo guminta. Na juya takardar nan na rasa ta inda zan kama: babu kwantiragi, babu shaida, ita kuma an haramta mata komawa. Har yau in na tuna raina na ɓaci, domin aikin ta yi shi da gaske.

Wasu kan ce, to in na zauna ai ko Hajji na samu. A Hajjin 2024 ministan lafiyar Saudiyya ya ce mutum 1,301 suka rasu, kuma kashi 83 cikin 100 marasa izinin Hajji ne, waɗanda suka yi ta tafiya a ƙasa cikin zafin rana, ba tanti ba mota. A 2025 aka sa tarar da ta kai riyal 20,000 ga wanda ya yi Hajji ba izini, baƙo kuma a mayar da shi gida, a hana shi shiga ƙasar shekara 10. Kin ga hanyar da kika bi don ki kusanci Ka'aba ita za ta nesanta ki da ita.

In Umara kike so, ki tara a hankali, ki je ki dawo cikin wa'adi. In aiki kike so, kada ki ba kowa ko sisi sai kin ga bizar aiki da kwantiragi da idonki, an karanta miki shi da Hausa, kin kuma tabbatar kamfanin yana da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya. Shi kuwa ejan nan, in ya riga ya karɓi wani abu, hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane tana da ofis a Kano. Ki tafi da yayarki.

TAMBAYA: Barista, 'yata ta tafi Riyad da bizar aiki wata takwas ke nan. Matar gidan ta karɓe fasfonta tun ranar da ta sauka. Wata huɗu ba a biya ta ba. Daga asuba take aiki har ɗaya na dare, ran Juma'a kuma a kai ta gidan surukar matar ta yi wanki da goge-goge. Wasu 'yan Najeriya da ta sani ta waya sun ce ta gudo su samo mata aiki mai tsoka. Ni na kasa barci. Ta gudu?
Uwa daga Funtuwa

AMSA: Hajiya, Allah ya yaye miki, ya fito da ita lafiya. Kada ta gudu zuwa wurin waɗancan mutane. 'Yarki tana da abin da mai tambayar farko ba za ta samu ba, wato ta shiga ta ƙofa, sunanta na cikin rajista, don haka tana da bakin magana. In ta tsallake katanga ta bi waɗanda ba ta sani ba, maigidan zai shiga manhaja ya rubuta cewa ta ɓace daga aiki, abin da suke kira hurub. Daga nan mai bin bashi ta koma wadda ake nema. Su kuma masu kiran nata, sau da yawa dillalai ne da za su riƙa kai ta gida-gida suna yankar rabonsu, in ma a nan abin ya tsaya.

Duk abin da kika lissafa saɓa doka ne a can. Riƙe fasfon ma'aikaci haramun ne a dokarsu, kuma akwai tara a kai. Ƙa'idar masu aikin gida da ta fara aiki a Oktoban 2024 ta ce aiki kada ya wuce awa 10 a rana, akwai hutun kwana ɗaya cur kowane mako da albashinsa, akwai hutun rashin lafiya har kwana 30 a shekara da takardar likita, albashi kuma duk wata. Ba a kai ta aiki gidan da ba shi ne a kwantiraginta ba. Abu mafi amfani gare ta shi ne, in aka yi wata uku ba a biya mai aikin gida ba, tana da damar neman a sauya mata kafili ba tare da yardar na farkon ba. Haka in ana cin zarafinta, ko an ƙi fitar mata da igama. 'Yarki ta riga ta haura wata ukun nan.

Sai dai ba zan ɓoye miki ba, Hajiya, masu aikin gida su ne dokar ta fi bari a baya. Gyaran da aka yi wa tsarin kafala, wato ɗaure zaman ma'aikaci ga kafilinsa, ranar 14 ga Maris 2021, wanda ya ba ma'aikatan kamfanoni damar canza aiki bayan shekara guda da neman bizar fita da kansu, bai haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba. A ganina wannan zalunci ne, domin wadda ke kulle a bayan ƙofar wani ta fi mai aiki a kamfani buƙatar kariya. Haƙƙin yana nan a rubuce, amma sai an tashi an bi shi, kuma bin yakan ɗauki lokaci.

Ta fara da tara shaida. Ta ɗauki hoton igamarta da kwantiraginta in suna hannunta, ta turo miki. Ta rubuta watannin da ba a biya ta ba, da ranakun da aka kai ta wancan gidan. Saƙon waya da matar ta yi mata alkawarin biya, kada ta goge. Ki ja mata kunne sosai a kan abu ɗaya: kada ta sa hannu ko ta dangwala yatsa a kan kowace takardar Larabci da ba a fassara mata ba. An sha miƙa wa yara takarda a ce ta tikitin jirgi ce, ashe shaida ce cewa sun karɓi dukkan haƙƙinsu.

Sannan ta kira ma'aikatar ƙwadagonsu a lamba 19911, ta shigar da ƙorafi, ta karɓi lambar ƙorafin ta adana. Ta sanar da maktab ɗin da ya kawo ta, wato ofishin ɗaukar 'yan aiki, da ofishin jakadancin Najeriya da ke can Riyad. Sulhu ake fara nema, in ya gagara a wuce kotun ƙwadago. In kuwa duka ya shigo ciki, ko wani na neman ta da lalata, to ba maganar jira. Ta kira 'yan sanda a 911, ko ta fita kai tsaye zuwa ofishinsu ko ofishin jakadanci, ba ɗakin wani ba. In za ta fita kada ta ɗauki ko tsinken da ba nata ba, domin ƙazafin sata shi ne makamin farko da ake jifan 'yan aiki da shi.

Na ga yaranmu na ɗaukar bidiyon gidan da suke aiki suna sakawa a TikTok don neman agaji. Na fahimci abin da ke kai su ga haka, amma dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗauri har shekara guda da tara har riyal 500,000 ga wanda ya shiga sirrin mutane da kyamarar waya ko ya ɓata musu suna. Bidiyon ta ajiye shi don hukuma, ta turo miki kwafi.

Ke ma akwai naki aikin a nan gida. Ki nemo rasit da duk takardar da ejan da ya tura ta ya bayar. Ki sa a rubuta miki koke zuwa NAPTIP da NiDCOM, hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna ƙetare, da cikakken sunanta, lambar fasfo, sunan kafili da unguwar da take. Eja yakan ɗaga waya da sauri in ya ji takarda ta isa hukuma.

TAMBAYA: Barista, zan tafi Umara da azumi. Maƙwabcina ya kawo ƙunshi a naɗe da salatif in kai wa ƙanwarsa a Shara Mansur da ke Makka, ya ce yaji ne da kuka da ɗan goro. Ina jin nauyin in ce a'a.
Dattijo daga Maraɗi

AMSA: Baba, ka ji nauyin na minti biyar ka mayar masa da kayansa. In dole sai ka taimaka, ya kwance a gabanka ka ga komai, goron kuma a cire, domin an hana shiga da shi, hukumomin alhazai ma duk shekara sai sun yi gargaɗi a kai. Abin da aka samu a jakarka naka ne a idon dokarsu, kuma hukuncin safarar ƙwaya a Saudiyya yana kai wa ga kisa. Ka tuna ɗalibar nan ta Kano da aka kama a Madina a Disambar 2018 saboda tiramadol a jakar da aka liƙa wa sunanta ba da saninta ba. Sai ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta, bayan NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Najeriya, ta bankaɗo waɗanda suka yi aika-aikar a filin jirgin Kano. Wannan fa wadda ko ganin jakar ba ta yi ba ke nan. Ka ƙirga jakunkunanka da kanka, ka duba adadin da aka rubuta a tikitin kaya. Maganin da kake sha ka tafi da shi a kwalinsa tare da takardar likita. In, Allah ya kiyaye, aka tsare ka, kana da haƙƙin a sanar da ofishin jakadancin ƙasarka a ƙarƙashin sashe na 36 na yarjejeniyar Biyana ta 1963, kuma Nijar na da ƙaramin ofishi a Jidda. Ka nemi tafinta kafin ka sa hannu a komai.

TAMBAYA: Anti, a Jidda aka haife ni, shekarata 22. Iyayena 'yan Katsina ne, sun zo Umara suka zauna. Babana ya rasu, mahaifiyata na nan da ni. Ba ni da igama, ba ni da fasfo, ban taɓa ganin Najeriya ba. Tunda nan aka haife ni, ba zan iya samun takardar ɗan ƙasa ba?
Matashi daga Jidda

AMSA: Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka. Wasiƙarka ta taɓa ni, domin kai ba ka yi laifin komai ba. Amma haihuwa a Saudiyya ba ta mayar da mutum ɗan ƙasa. Ta wajen uba ake gadon wannan a dokarsu. Wanda uwarsa 'yar ƙasa ce ubansa baƙo yana iya nema in ya kai shekara 18, kuma kai ba ka cikin wannan sahu. Neman zama ɗan ƙasa ta hanyar daɗewa kuma yana buƙatar shekara 10 na halastaccen zama da wasu sharuɗɗa masu tsauri, shekarun da aka yi ba igama ba sa shiga lissafi. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya yi maka takarda ta bayan fage, jabu zai ba ka, kuma laifinta ya fi na zaman nauyi.

Sai dai kai ba mara ƙasa ba ne. Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce wanda aka haifa a wajen ƙasar, matuƙar ɗaya daga iyayensa ɗan Najeriya ne, shi ma ɗan Najeriya ne ta haihuwa. Haƙƙinka ne, ba alfarma ba. Abin da ya rage shi ne tabbatar da shi tun mahaifiyarka na raye, domin ita ce babbar shaidarka. Ku nemo tsohon fasfonta ko na mahaifinka ko da ya mutu, da takardar asibiti in a asibiti aka haife ka, da katin rigakafi, da sunan unguwarku da mai unguwa a Katsina, da lambar wani ɗan'uwa da zai tsaya muku. Ku kai ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda. Su ke ba da takardar tafiya ta gaggawa, su kuma za su nuna muku yadda ake bi ta Jawazat, hukumar shige da fice ta Saudiyya, a samu izinin fita.

Hukumar can ta taɓa yin afuwa a 2013 da kuma 2017, inda marasa takarda suka fita ba tara ba ɗauri. In aka sake buɗe irin wannan ƙofa, wanda takardunsa ke hannu shi zai fara wucewa, don haka ku fara tun yanzu. Gara ka fito da ƙafarka da kayanka da mahaifiyarka a gefenka, da a ɗauke ka a titi ita tana gida ba ta san inda kake ba.

Na san Najeriya baƙuwar ƙasa ce a wurinka, kuma ba zan ce maka da sauƙi ba. Amma kana da Larabcin da kamfanonin Hajji da Umara da makarantun Islamiyya ke nema, kuma wasiƙarka ta nuna Hausarka ba ta gudu ba. Da ka sauka, ka fara da takardar shaidar ƙaramar hukumar mahaifinka, sai lambar NIN, sai fasfo. Ka sake rubuto mini da sunan ƙaramar hukumar taku in gaya maka ofishin da za ka fara zuwa.